Awon da Ba a Yi Ba

A layin da ke bayan ƙaramin asibitin unguwa akwai shagon ɗinki mai shuɗiyar ƙofa. Matar da ke ciki shekara ashirin da shida ke nan tana taka keke a wurin. A gabanta Anti Tela ake ce mata. A bayan idonta kuwa Almakashi, don in ta buɗe baki sai ta yanka. Ta san da sunan, ba ta kuma taɓa neman a canza mata shi ba. Za ki kawo mata yadi ki nuna irin ɗinkin da kike so, ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Wannan na masu dogon wuya ne, ke kuwa ba a ba ki ba." Ki yi fushi ki kwashe yadinki, bayan kwana biyu ki dawo da shi, don duk yankin babu mai hannunta.

A wajen gwaggonta ta koyi sana'ar bayan ta gama sakandare. Gwaggon ta taɓa tsinka mata mari a gaban mutane kan wani ɗankwali da aka ce ya ɓata a hannunta, alhali mai shi ce ta karɓi abinta ta manta. Tun daga ranar duk abin da ya shigo hannun Almakashi, ko tsumma ne, sai ta soka masa takarda da fil: na wance, ranar kaza. In da takarda aka aiko shi, ita take maƙala masa. Abin da mai shi bai dawo karɓa ba kuma ba ta zubarwa, ba ta kyautarwa. Akwai buhu a saman kabad ɗinta da ke haɗiye irin waɗannan, har da wandon wani da ya shekara tara yana jiran mai shi.

Mijinta mai gyaran agogo ne, rumfarsa na kallon ƙofar shagonta. Tun suna samari da 'yan mata ya shekara guda yana kawo mata riga ɗaya ta sa masa maɓalli, sai daga baya ta gano da kansa yake tsinkewa. Ta ce masa, "In aure kake so ka faɗa, maɓallaina sun kusa ƙarewa." Ya faɗa. Suka haifi uku, suka aurar da biyu. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ga dariya. "Ranki ya daɗe" yake ce mata, a gida da waje. In ta balbale mai kawo ɗinki da faɗa, sai ya leƙo daga rumfarsa da gilashin ido ɗaya maƙale a fuska ya ce, "Ki yi haƙuri baiwar Allah, ni ma haka nake sha, kuma kin gan ni har ƙiba nake yi."

Ƙibar kuwa yana yi.

Da hukumar inshorar lafiya ta gwamnati ta zo rajistar masu sana'ar hannu, Mai Agogo ne na uku a layi. Aka ba su kati mai hoto. Aka tara su a harabar asibitin aka yi musu bayani: hukuma ba ta son a jira sai mutum ya faɗi, riga-kafi take so. Duk wanda ya haura arba'in ya zo sau ɗaya a wata a auna masa jini, kyauta. Asibitin da ya fi auna mutane kuma za a liƙa masa tauraro a allon ƙofa, wanda ya gaza a cire shi daga tsarin. Magana mai kyau, babu mai hankalin da zai ƙi ta.

Shugaban asibitin wani dattijo ne mai tsaftar riga. Kowa na ce masa Likita ko da yake jami'in lafiya ne, matan unguwa kuma suka laƙaba masa Ba-Komai. Ɗanki ya kwana biyu yana amai, ba komai. Magani ya ƙare, ba komai. Shi da kansa yake auna maza ranar awo.

Wata safiya mai sharar asibitin, wata bazawara da suke ɗasawa da Almakashi, ta shigo shago da wani abu a leda. Madaurin na'urar awon jini ne, wannan baƙin ƙyallen da ake naɗa wa mutum a damtse a hura. An maƙala masa takardar asibiti mai hatimi da kwanan wata, da rubutun Ba-Komai: "A ɗinke, da gaggawa." Almakashi ta farke gefe ta duba. Ta ce, "Ki gaya masa ba ƙyallen ba ne, robar ciki ce ta fashe. Wannan ba aikin allura ba ne, sabo zai nema." Mai shara ta je ta dawo ta ce, ya ce ba komai, a ajiye, za a aiko. Ba a aiko ba. Bayan sati uku Almakashi ta jefa shi buhu da takardarsa.

Ƙarshen watan Mai Agogo ya dawo daga awo yana washe baki.

"Ranki ya daɗe, an ci gaba. Yanzu ba a ɗaure mutum kamar akuya. Wani ɗan abu ne kamar abin maƙale shanya, a sa maka a yatsa, ya yi ƙyalli, shi ke nan. Likita ya ce jinina na saurayi ne."

"Saurayin da ba ya iya ɗaure takalminsa."

"Ai katin ba ya ƙarya. Duba: ɗari da ashirin bisa tamanin."

Ta duba, ta gani, ta ma ji sanyi a ranta. Ta ce ashe shi ya sa ba su dawo neman tsohon madaurinsu ba.

Wata bakwai ana haka. Yana cewa ƙeyarsa na masa nauyi, ta ce yawan duƙawa kan agogo ne. Yana cewa yana ganin wasu ƙananan taurari, ta ce ya canza gilashi. Ai ana auna shi duk wata, me kuma za a nema? A watan na shida aka liƙa wa asibitin tauraro na huɗu.

Ranar wata Talata da hantsi, tana tsakiyar yanka hannun riga, ta ji wani abu ya faɗi a rumfa. Ta ɗaga kai ta ga hantsakinsa a ƙasa, shi kuma yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne aka ara masa. Ya buɗe baki zai kira ta, bakin ya zame gefe guda.

A babban asibiti wata likita mai ƙuruciya ta naɗa masa madauri, ta hura, ta sake hurawa, sannan ta karɓi katin inshorar ta bi shi da ido layi-layi.

"Mama, wa yake auna shi?"

"Asibitin unguwarmu. A yatsa."

"A yatsa?" Likitar ta ajiye biro. "Na yatsa bugun zuciya yake nunawa da iskar da ke cikin jini. Ba ya auna hawan jini ko kaɗan. Zuciyar baban nan ta kumbura, wannan ba ciwon sati ɗaya ba ne. Da an kama shi wata shida da suka wuce, ƙwaya ɗaya ce kullum da safe."

Ƙwaya ɗaya, wadda inshorar ke bayarwa kyauta. Mutum mai gyara abin da ido ba ya gani sai da gilashi ya dawo gida ba ya iya riƙe cokali, magana kuma sai dai gunji da kalma ɗaya-biyu da matarsa kaɗai ke ganewa.

Ta je wajen Ba-Komai da katin a hannu. Ba faɗa ta je yi ba a ranar, tambaya ta je yi, kuma da ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure, wataƙila da labarin ya tsaya nan. Amma ofis ɗin cike yake da mata masu jiran allurar yara, shi kuma ba ya son a taɓa masa girma.

"Haba Anti Tela, ƙaddara ce. Hawan jini yana iya tashi rana ɗaya. Na'urarmu tana nan lafiya lau a cikin kabad, da ita muke tabbatarwa."

"Shi ya ce a yatsa kawai ake sa masa."

"Shi ya ce? Yanzu yana magana ke nan?" Ya yi 'yar dariya ya dubi matan. "Kowa ya tsaya a sana'arsa. Ni ban taɓa zuwa na koya miki yanka wuyan riga ba."

Ta juya ta fice, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan ya fi zagi hatsari. Ta koma shago, ta taka kujera, ta sauko da buhu. Madaurin na nan, takardar na nan, hatimin bai goge ba. A jikin ƙyallen kuma ga lambar da hukuma ke rubuta wa kayanta da farin fenti. Ta daɗe zaune da shi a cinya. Wata bakwai abin da zai ceci mijinta yana saman kanta tana taka keke. Wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda ya ci ta ba, sai dai daga ranar ta rame.

Babbar 'yarta ta ce, "Umma, ki bar shi da Allah."

"Na bar shi da Allah. Amma ni ma Allah ya ba ni ƙafa."

Ta yi tunanin kai ƙara ofishin hukuma, ta fasa. Takarda za su karɓa, su sa a fayil, su kira Ba-Komai a waya, shi kuma ya sayo sabon madauri kafin la'asar. Ita ba gyara take so ya yi a ɓoye ba. A gaban mata ya yi mata dariya, a gaban mutane take son nata.

Sai ta sauke murya. Ta dinga gaishe shi in ya wuce. Da ya aiko wa Mai Agogo tsohon keken guragu daga sito, ta je har ofis ta yi godiya. Shi kuwa ya ɗauka wuta ta mutu, bai san toka ce a sama ba. Wata huɗu tana juya mijinta a gado, tana wanke shi, tana ba shi abinci a baki, tana jira.

Mai shara ce ta kawo labarin. Masu duba ingancin aiki za su zo daga hukuma, in an ci wannan sai tauraro na biyar. Kuma kamar kullum, za a aro na'ura daga asibitin tsallaken titi, wadda ke zagaya asibitoci huɗu tana riga masu dubawa isa. Ba-Komai ya ba Almakashi aikin sabbin labule. Ta ɗinka su da kyau, ba ta taɓa yin aikin banza ba ko don maƙiyi. Da ya ga labulen ya ji daɗi, har ya sa sunanta cikin mutum goma da za su zauna a gaban baƙi su yaba wa asibiti.

Ranar ta yi wa mijinta wanka, ta sa masa farar riga, ta tura shi a keke har cikin zauren asibitin. An wanke ƙasa har tana ƙamshin magani. A kan tebur ga na'urar aro tana sheƙi, an liƙa filasta a gefen madaurinta. Shugabar baƙin wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a, tana riƙe da rajistar kayan asibiti. Mutum uku suka tashi suka yi yabo. Aka zo kan Almakashi.

"Ranki ya daɗe, ni tela ce, an ce kowa ya tsaya a sana'arsa. To a sana'ata zan yi tambaya. Na'urar awon jini nawa hukuma ta ba asibitin nan?"

Mai tabarau ta duba rajista. "Ɗaya."

"Karanta mana lambarta."

Ta karanta. Ba-Komai ya miƙe ya ce, "Anti Tela, lokacin baƙi ƙanƙane ne."

"Zauna Likita, ba komai." Ta juya ga matar. "A ɓare filastar can a gani ko ita ce."

Wani daga cikin baƙin ya ɓare. Lambar daban, har da harafin ɗaya asibitin. Almakashi ta buɗe jakarta ta ajiye madaurin a tebur da takardarsa a jiki, ta nuna farin fentin da yatsa, ta nuna hatimin. Sannan ta ajiye katin mijinta a gefe.

"Wata goma sha ɗaya madaurin nan yana shagona. Wannan katin kuma ya ce an auna mutumin nan sau bakwai a cikinsu. Ga mutumin. Ku tambaye shi, in zai iya ba ku amsa."

Mai tabarau ta sa aka kawo katunan awo na shekarar. Ta buɗe goma, ta buɗe ashirin. Tsoho da mai ƙiba da siriri, duk ɗari da ashirin bisa tamanin, wani lokaci a ɗan ƙara biyu don kada ido ya gaji. Ta cire tabarau ta murza ido.

Almakashi ba ta ƙyale ta ba ita ma. "Ku kuma da kuke liƙa tauraro, ba wanda ya taɓa cewa yaya aka yi unguwa guda jininsu iri ɗaya kamar ɗinkin 'yan makaranta?"

Matar ba ta musa ba. Ta ce, "Da ya kamata mu tambaya."

Kafin sati ya zagayo an dakatar da Ba-Komai, an kankare taurarin daga allo, an kafa kwamiti. Aka kawo sabbin na'urori biyu da wata nas, aka kira duk masu kati a sake auna su. Layi har bakin titi. Aka samu mutum sittin da wani abu da jininsu ke sama, ciki har da mai sharar kanta. Wasu suka zo shago godiya. Wasu kuma suka ce ta tona wa dattijo asiri saura wata tara ya yi ritaya, ai a bar kaza cikin gashinta. Ta ce wa ɗaya daga cikinsu, "Zo ki ɗaga min mijina zuwa banɗaki sau ɗaya, sannan ki ba ni shawara."

Ana saura kwana biyu kwamiti ya zauna, da yamma bayan ta rufe shago, Ba-Komai ya yi sallama a ƙofar gidanta. Rigar ba guga. Ya tsaya a tsakar gida yana murza hula a hannu.

"Yaya, wajenki na zo."

"Yau ni ce Yaya?"

Ya ce ya rubuta wa kwamiti cewa kwanan watan da ke takardar kuskure ne, madaurin sati biyu kawai ya yi a wajenta. In ta yarda ta sa hannu a kan haka, za a tsaya a gargaɗi, ya fita da fanshonsa. In ba haka ba kora ce, shekara talatin da huɗu ta tafi a banza. Yana da 'ya'ya biyu a makaranta.

"Sau uku na rubuta a kawo sabo, ba amsa. Su kuma kowane wata lissafin mutanen da aka auna suke nema. In ya yi ƙasa su cire mu, su ɗauke ungozoma, matan unguwar nan su koma haihuwa a hanya. Me zan yi?"

"Ka rubuta 'ba a auna ba'. Ko ka ce masa, Malam, na'urarmu ta lalace, tsallaka titi. Tafiyar minti goma ce, a lokacin yana da ƙafa."

Ya ci gaba da murza hular.

"Ba ni ka yi wa ba," ta ce. "Shiga ka gaya masa. Da bakinka, yadda zai ji."

Ya cire takalmi ya shiga. Mai Agogo na jingine da matashi biyu, hannun dama a kife kan cinya. Ba-Komai ya durƙusa a gaban gadon. Da farko ya soma kewaye-kewaye, yana cewa yanayin aiki, yana cewa matsin lamba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Ba wannan ba."

Sai ya ce, "Malam, ban taɓa auna ka ba. Wata bakwai ɗin nan duka, da kaina na rubuta. Na san na yatsa ba ya nunawa. Ranar da ka ce min ƙeyarka na ciwo, na ji ka, na ce ba komai."

Wannan na ƙarshen ba ta san da shi ba. Ta dafa ƙyauren ƙofa.

Mai Agogo ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin ɓarin fuskar da ke motsi. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya dafa masa kafaɗa, ya juyo ga matarsa, ya yi ta kokawa da harshe har kalma biyu suka fito a karkace.

Ba-Komai ya ɗago da sauri. "Me ya ce?"

"Ya ce in bar ka. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yafe. Haka yake tun ina saninsa."

Mutumin ya sauke numfashi, ya laluba aljihu ya zaro takardar da yake so ta sa wa hannu, da biro, ya miƙo mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta karanta tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai duba awon riga. Ta ninke ta huɗu, ta mayar masa da biron kaɗai.

"Wannan zan kai musu jibi, su ga abin da ka zo nema."

"Yaya, ai kin ce in na gaya masa..."

"Na ce ka shiga ka gaya masa. Ban ce zan sa hannu ba. Shi ya yafe nasa, jikinsa ne. Nawa daban. Kana so in rubuta abin da ba a yi ba in sa sunana a ƙasa, to wannan sana'arka ce, ni ban koya ba."

Mai Agogo ya sake yin gunji, yana girgiza mata kai. Ta zo ta gyara masa matashin da ya zame, ta goge masa gefen baki da haɓar zaninta.

"Na ji ka, Malam. Shekara ashirin da biyar kana ba mutane haƙuri a kaina. Wannan karon ka huta."

Ta juya ga wanda ke durƙushe har yanzu.

"Tashi ka ja mana ƙofar waje in ka fita. Lokacin maganinsa ya yi."